Fim a Kanmu, Kallo a Wajen Wasu: Doguwar Hanyar Dokumentari Kafin Ya Iso Kaduna

A shekarar 2006 aka fitar da wani fim ɗin dokumentari, wato fim na labarin gaskiya ba ƙage ba, mai suna The Imam and the Pastor, a kan mutum biyu da duk wanda ya daɗe a Kaduna ya san da zamansu: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin addini na 1992 kowannensu yana gaba-gaba cikin matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da wasu 'yan uwansa, daga baya kuma suka ajiye gaba suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu a nan cikin gari. Labarin Kaduna ne tsantsa. Amma inda aka yi bikin fara haska shi shi ne hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, domin malaman biyu sun ci moriyar fim ɗin a aikinsu na sulhu. Hanyar da ya bi ce abin lura, don ita ce irin waɗannan finafinai suka saba bi: a ɗauka a nan, a haɗa a can, a yi tafi a can, sannan in an yi sa'a ya waiwayo gida.

Kowace shekara haka kalandar take juyawa. A Janairu ana bikin Sundance a Amurka, Fabrairu na Berlin a Jamus, ƙarshen Afrilu na Hot Docs a Toronto ta Kanada, Yuni na Sheffield a Ingila, sai a Nuwamba a yi IDFA na Amsterdam, wanda ake yi tun 1988 kuma babu kamarsa a harkar dokumentari. A Afirka akwai FESPACO na Wagadugu da ake yi duk bayan shekara biyu, wanda ya faro tun 1969, akwai Encounters a Afirka ta Kudu, a Legas kuma akwai iREP. Labarin sababbin finafinan kan iso mana ta waya: na wane ya shiga gasa, na wance ya ci kyauta. Mu taya murna a Facebook, mu kalli tallar minti biyu, mu yi ta rabawa. Ka tambaya ina za a ga cikakken fim ɗin, sai ka ji tsit.

Dalilin tsit ɗin yana da rassa, kuma tushensu shi ne abin da bikin baje kolin finafinai yake nufi ga masu sana'ar. Mu 'yan kallo muna ɗaukarsa taron nishaɗi. Su kuwa a wajensu kara ce: mai saniya bai kawo ta don a yaba ƙahonta ba, ya kawo ta ne don idon dillali ya sauka a kanta. A bayan zauren da ake haska fim akwai wasu ɗakuna da jama'a ba sa shiga, inda wakilan tashoshin talabijin, da kamfanonin da ke sayen haƙƙin rarraba fim, da masu asusun tallafi suke zama da daraktoci. Tafin da aka yi a zaure da sharhin da jaridu suka rubuta washegari, su ne ke ɗaga farashi a waɗannan ɗakuna. Daraktan da ya kai fim ɗinsa Amsterdam kafin Kaduna ba raina gida ya yi ba. Yana neman mayar da kuɗin da ya zuba, yana kuma neman na aiki na gaba.

Maganar kuɗin ce ma ta fi kowace nauyi. Furodusan Kannywood da ke sakin shiri mai dogon zango a YouTube duk mako yana da lissafinsa: masu kallo su taru, tallace-tallace su shigo, wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin zango ɗaya. Dokumentari ba ya tafiya haka. Mai yin sa zai iya shafe shekara biyu ko uku yana bin mutum ɗaya da kyamara, ya tara ɗaruruwan sa'o'i na hoto, sannan ya zauna da edita wata da watanni kafin a fitar da minti tamanin. Babu jarumin da za a manna hotonsa a fosta, babu waƙa, babu rawa. Saboda haka kuɗin kan fito ne daga asusun tallafi na waje, irin su IDFA Bertha Fund na Holan ko Hot Docs-Blue Ice na Kanada, ko daga tashoshin talabijin na Turai. Kowannensu yana da fom da Turanci, yana son samfurin hoto, wani lokaci kuma sai ka tsaya gaban alƙalai ka tallata labarinka cikin 'yan mintoci. Tambayar da ke ransu guda ce, kuma ba su yi laifi da suka yi ta ba: me zai sa mai kallo a ƙasarmu ya damu da wannan?

To, da me mai kallo a Holan ya san Arewacin Najeriya? Boko Haram, 'yan matan Chibok, 'yan bindiga, almajirai, auren wuri. Matashin da ya cika fom sau biyu da labarin maƙeran Panteka bai samu ba, a karo na uku ya san abin da zai rubuta. Ta haka ake tace labaranmu tun kafin a kunna kyamara, ba tare da wani ya ba da umarni ba. Kada a fahimce ni a baibai. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, da bom ɗin da ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disamba 2023, da kwashe ɗaliban Kuriga a Maris 2024, duk sun cancanci a adana su a fim, da muryoyin waɗanda abin ya shafa. Kuma ana iya yin aikin da mutunci. Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin Venice a 2019 da Daughters of Chibok, sannan a 2024 ya fito da Mothers of Chibok, inda ya bi wasu iyaye mata tsawon damina guda suna noma don biyan kuɗin makarantar sauran 'ya'yansu. Ya nuna su a matsayin masu ƙoƙari, ba masu kuka kawai ba. Damuwata ita ce ƙofar ta yi ƙunci, har duk labarin da babu jini a cikinsa sai ya sha wuya kafin ya wuce.

Akwai wani rukunin kuma da ya fi kowanne yawa a Arewa, amma ba a cika lissafa shi ba: finafinan da ƙungiyoyin agaji ke sa a yi musu. Duk mai kyamara a Kaduna ya san su, don su ne ke riƙe da shi tsakanin bikin aure da bikin aure. A je ƙauye kwana biyu, a zaunar da wata baiwar Allah gaban sabuwar rijiyar burtsatse, ta yi godiya, a ɗauki yara suna dariya, a ɗora kiɗa mai taushi. A haska shi sau ɗaya a ɗakin taron wani otal a Abuja kafin shan shayi, a tura wa masu ba da kuɗi, shi ke nan an rufe fayil. Rahoto ne mai motsi. Yana koya wa matasa riƙe kyamara da ɗaukar sauti, wannan kam gaskiya ne, amma yana kuma koya musu cewa wanda ya biya shi ne mai kallo.

Idan fim ya kammala, sai a shiga batun haskawar farko, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Manyan bukukuwa suna gasa da juna, kowanne yana son a ce a wajensa duniya ta fara ganin fim. Don haka sukan gindaya sharaɗi: kada a taɓa nuna shi a bainar jama'a a ko'ina, ko aƙalla kada a nuna shi a wajen ƙasar da aka yi shi. Wanda aka riga aka ɗora a YouTube kuwa, galibi ya fita daga lissafi. Wannan ne ya sa darakta kan ɓoye fim ɗinsa wata shida ko shekara yana jiran amsa, in an karɓa kuma ya yi wata shekarar yana zagaya bukukuwa. Sai dai akwai abin da ake fakewa da shi a nan. Sharaɗin bainar jama'a yake magana a kai. Bai hana darakta ya ɗauki kwamfutarsa ya koma gidan mutanen da ya ɗauka, ya zauna da su a tsakar gida su kalla tare ba. Wanda bai yi hakan ba, kada ya ce dokar Berlin ce ta hana shi. Kuɗin mota ne ya ƙare, ko kuwa yana tsoron abin da za su ce.

Shi kansa neman shiga bikin da dala ake yi. Yawancin bukukuwa ta shafin FilmFreeway suke karɓar finafinai, kowanne da kuɗin rajistarsa, kuma babu tabbacin za a ɗauka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, abin da a da matashi zai iya haɗawa daga aikin bikin aure ɗaya ya zama sai an yi shawara da iyali. In an ɗauka kuma ga biza, wadda ba a ba kowa.

A ce duk an tsallake, fim ya yi suna, wani kamfani ya saya. Nan ma ba a gama ba, domin haƙƙin nunawa yanki-yanki ake sayar da shi: wannan ya ɗauki Turai, wancan Arewacin Amurka. Afirka ta Yamma sau da yawa babu mai tayawa, don ba a ganin akwai kuɗi a cikinta, amma kuma yarjejeniyar ta riga ta ɗaure hannun darakta, ba zai iya sakin fim ɗin kyauta a intanet ba. Sai ya zama babu mai sayar mana, babu mai ba mu. Ka danna mahaɗin, a rubuto maka cewa ba a nuna wannan a ƙasarka. Kyauta ma ba ta warware wannan ƙulli. No Other Land, wanda Falasɗinawa da Isra'ilawa suka haɗu suka yi a kan rushe ƙauyukan Falasɗinawa na yankin Masafer Yatta, ya ci Oscar a Maris 2025 alhali babu wani babban kamfanin rarrabawa a Amurka da ya yarda ya ɗauke shi.

Kada kuma a ɗauka duk katangar daga waje take. A 2012 Ishaya Bako, wanda haifaffen Kaduna ne, ya yi wani gajeren dokumentari mai suna Fuelling Poverty a kan badaƙalar tallafin man fetur da zanga-zangar Janairun shekarar. A 2013 Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ta hana a nuna shi, bisa hujjar cewa zai iya tunzura jama'a ya kuma taɓa tsaron ƙasa. A shekarar ce kuma ya ci kyautar dokumentari mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA, mutane suka yi ta kallonsa a YouTube, wataƙila fiye da yadda za su kalla da ba a hana ba. A Agustan 2022 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga, ta kuma ci irin wannan tara ga kamfanonin da suka watsa binciken BBC kan 'yan bindigar Zamfara. Daga baya Babbar Kotun Tarayya ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara. Amma manajan tasha ya riga ya ji a jikinsa. Gobe in wani yaro ya kawo masa fim kan Birnin Gwari, zai tuna da miliyan biyar kafin ya tuna da hukuncin kotu.

Misalin BBC ɗin yana nuna wata hanya dabam da ta biki. A ƙarshen Afrilun 2018 sashenta na Africa Eye ya saki binciken Ruona Meyer kan shan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano. Ba a jira wani biki ba, intanet aka sake shi kai tsaye. Kafin a kwana biyu gwamnatin tarayya ta sanar da hana haɗawa da shigo da maganin. Ko a majalisar shayi an yi zancensa. Bambancin shi ne BBC ta riga ta biya kuɗin aikin daga aljihunta, ba ta buƙatar dillali, kuma tana da sashen Hausa da zai kai labarin kunnen mutane da harshensu. Darakta mai zaman kansa ba shi da ko ɗaya cikin biyun.

Harshe kuwa matsala ce da ake rainawa. Abin mamaki ne a ce mutanen cikin fim da Hausa suke magana, amma mai ba da labari da rubutun da ke bayyana wuri da shekara da sunan mai magana duk da Turanci suke, saboda an gina fim ɗin don wani idon. In kuma fim ɗin na wata ƙasa ne, sai a ce ai an rubuta fassara a ƙasan allo. Wa zai karanta? Dattijuwar da ke Rigasa, ko ɗan acaɓan da ke kallo a wayar da gilashinta ya tsage? Alhali maganin yana gabanmu. Je ka Kasuwar Barci ka tsaya gaban teburin masu tura fim a waya. Yaro ne da kwamfuta ɗaya da igiyoyin caji rututu, ana miƙo masa waya ko memori ana cewa, “Sa min sabuwar fassara,” wani kuma, “Akwai ci gaban na jiya?” Fassarar da ake nufi ita ce finafinan Indiya da situdiyo irin su Algaita suke ɗora wa muryar Hausa. Sun tabbatar da cewa Bahaushe zai zauna sa'a uku kan labarin wata ƙasa muddin da kunnensa zai bi shi. Wannan teburin shi ne gidan sinimar talaka a yau, kuma da wuya ka tarar da dokumentari ko ɗaya a kwamfutar yaron, in ban da gutsattsarin da aka yanko daga wani wuri, babu farko babu ƙarshe, babu sunan wanda ya yi.

Masu cewa mutanenmu ba sa son irin wannan fim sun manta da tarihi. Kafin bidiyo, kafin talabijin, da dokumentari Arewa ta fara sanin allo. Turawan mulki sun kafa sashen finafinansu na ƙasashen da suke mulka a 1939, ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Najeriya, wanda ya yi imani cewa sai an sassauta fim an yi shi a hankali kafin ɗan Afirka ya gane. Ra'ayin raini ne, amma motar da ta biyo bayansa ta yi aiki. Majigi kan iso gari da yamma da janaretansa, a kafa farin allo a ƙofar fada ko filin makaranta, gari ya fito kaf, mai sharhi yana riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Ana nuna tsabta, da noman auduga da gyaɗa, da allurar rigakafi. Dattawa har yau suna tuna Baban Larai na shekarun 1950. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji tsarin, daga nan Kaduna ake tura motocin suna nuna rangadin Sardauna da sababbin ayyuka. Farfaganda ce, babu musu. Amma masu yin ta sun san abu guda da masu fasahar yau suka sake: fim ne ke zuwa wajen mutane, da harshensu, a lokacin da suka taso daga aiki.

Ina waɗancan faya-fayan suke yanzu? Tambaya ce mai ciwo. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, kyamarorinsa sun ɗauki shekarun Jamhuriya ta Farko da na yaƙin basasa. A 1977 a nan aka yi gagarumin hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, aka gina otal ɗin Durbar dominsa, otal ɗin da aka rushe a 2020. Matashin da ke son yin fim kan wannan zamani yana buƙatar hotunan, kuma sau da yawa ya fi sauƙi ya same su a rumbun wani kamfanin Ingila, inda ake sayar da su daƙiƙa-daƙiƙa da kuɗin waje. Abin da ya faru da Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya isa misali duk da cewa shi ba dokumentari ba ne. An daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Jamus ce ta gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin a 2018. Ko tsohon kayanmu ma sai ya bi ta can. Gidan Arewa da ke titin Rabah da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa suna riƙe da takardu masu daraja, amma hoto mai motsi yana son sanyi da wutar da ba ta yankewa da ma'aikaci masani, in ba haka ba ya narke a gwangwaninsa.

A cikin wannan hali ne bukukuwan gida suke da muhimmanci. Kaduna ta samu bikin littattafai da fasaha na KABAFEST a 2017, sannan tun 2018 ake yin bikin finafinai na ƙasa da ƙasa na Kaduna, wato KADIFF. Duk wanda ya san wahalar tara mutane da neman masu ɗaukar nauyi a garin nan zai jinjina wa masu shirya su. Ga matashin da bai da kuɗin biza, nan ne zai fara ganin fim ɗinsa a babban allo, ya ji inda mutane suka yi dariya da inda suka fara duba waya, darasin da babu makarantar da za ta koya masa. Amma irin wannan biki, ko'ina yake a ƙasar nan, yana da hatsarin kwaikwayon na waje a abin da ya fi sauƙin kwaikwayo: jan kafet, da kambun girmamawa, da jawabin babban baƙo wanda kan tashi da tawagarsa kafin a kashe fitila. Dokumentari kuma a tura shi ƙarfe goma na safe ranar aiki, lokacin da zauren bai wuce ɗaliban aikin jarida da su masu finafinan ba, kowa yana jiran a zo kan nasa.

Bikin Kaduna ba zai taɓa zama kasuwa irin ta Amsterdam ba, masu saye ba sa zuwa, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da yake da shi wanda Amsterdam ba ta da shi shi ne mutanen da ke cikin finafinan. Da ni ake shawara, da wannan zan auna nasararsa: finafinai nawa ya fitar daga zaure ya kai unguwa? Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba. Gidajen kallon ƙwallo suna ko'ina, da bencinansu da janaretansu, kuma akwai daren da babu wasa. Akwai filayen makarantu da harabar coci da ƙofar gidan mai unguwa. Garin da tun rikicin Shari'a na 2000 kogi ya zame masa iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa Kirista a kudu, yana da wata buƙata ta musamman: a haska fim ɗaya a Tudun Wada yau, gobe a Sabon Tasha, a bar mutane su yi magana bayan an kunna fitila. Hausa ce za ta ɗauki duka zaman biyu, don ita ake ciniki da ita a kowane gefen gada.

Sai dai a nan dole in ja birki, domin mayar da fim gida ba kullum ne alheri ba. Mutumin da ya zauna gaban kyamara a wani ƙauyen Giwa ko Kajuru ya faɗi yadda ake kai wa 'yan bindiga bayanai, fuskarsa a allon Toronto ba ta da hatsari. A allon garinsu tana iya zama ajalinsa. Matar da ta ba da labarin abin da aka yi mata a daji ta yarda ne saboda an ce mata a ƙasar waje za a nuna. Yawanci takardar amincewar da Turanci take, aka karanta mata a gurguje, ta dangwala. Ba ta san cewa a zamanin nan babu ƙasar waje ba: wani zai ɗauka da waya, gobe ya iso WhatsApp ɗin maƙwabcinta, an yanke an sa masa taken da zai ja hankali. Wannan ma wani dalili ne da ya sa zaman tsakar gida da na ambata ya zama wajibi tun kafin a kulle aikin edita, lokacin da ake iya rufe fuska, ko sauya murya, ko cire wani yanki gaba ɗaya. Su ne suka san wa zai gane su ta hanyar tabarmar da suke zaune a kai.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa kasuwar waje ba ta sayen komai sai bala'i. A 2024 Mati Diop ta lashe babbar kyautar Berlin da Dahomey, dokumentari kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021, kuma babban ɓangarensa muhawarar ɗaliban jami'a ce kan ko abin murna ne ko cin fuska. Mu da muke da Nok a cikin jiharmu, da gumakan yumɓunta da suka haura shekara 2,000 suna warwatse a gidajen tarihin Turai, ba mu rasa irin wannan labari ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai dai shi ne Kakuri. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, har unguwar ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan, dubban mutane daga kowace ƙabila suna shiga aiki da jiniya suna fita da jiniya. A 2002 ta rufe, ma'aikata da yawa suka mutu suna jiran haƙƙinsu. A cikin wannan labari akwai auduga da ta daina zuwa, da wutar lantarki, da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, da ƙungiyar ƙwadago, da amsar tambayar da ake yawan yi ta inda zaman banzan matasa ya samo asali. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 20 a 1975 yanzu ya kai 70, yana nan a Kakuri ko Makera ko Nasarawa, da katin shaidarsa na aiki a cikin leda. Ɗaukar maganarsa ba ta buƙatar fiye da kyamara ɗaya da makirfo mai kyau da haƙurin zama.

Inda za a kai fim ɗin bayan an gama shi ne cikas. A Turai tashar talabijin ce ke biyan darakta, wani lokaci tun kafin ya fara ɗauka, shi ya sa wakilanta suke zaune a waɗancan ɗakuna na bayan zaure. A nan akasin haka aka saba: mai shiri ne ke sayen lokaci a tasha, ko ya zo da kamfanin da zai ɗauki nauyi. Kaduna tana da NTA da KSMC da DITV da Liberty, ga Arewa24 da ake kamawa a ko'ina, duk suna da masu kallon da suka san Kakuri ido da ido. Yaron da ya shafe shekara biyu yana bin tsofaffin masaƙa, in ya shiga da fim ɗinsa ofishin kasuwanci na yawancin tashoshinmu, abin da za a fara miƙo masa shi ne takardar farashin minti talatin.